Sharar da Muka Yi wa Garkar Kaka

Har gobe in na ji ƙarar tsintsiyar kaba a kan tsakuwa da sassafe, sai dariya ta kama ni ni kaɗai. Jiya ma haka aka yi. Matar gidan da ke kallon namu tana sharar ƙofa, ni ina tsugune ina wanke-wanke, sai ga ni ina ƙyaƙyatawa har ɗiyata ta leƙo ta ce, "Mama, lafiya?" Lafiya lau. Kakata na tuna, da wata shara da ta sa muka yi ina 'yar shekara tara, sharar da saura kaɗan ta raba ni da ita.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. A Arlit aka haife ni, amma a unguwarmu in ka tambayi mutum ɗan ina ne, ba mai ce maka Arlit. Wannan ɗan Tawa ne, wancan ɗan Maraɗi, mai shagon kusurwa Bakatsine. Mu 'yan Damagaram ne, ko da yake ni lokacin ban taɓa ganin Damagaram da idona ba. Kakana ya zo aikin haƙar uraniyom tun garin bai wuce 'yan rumfuna ba, ya yi shekara biyu sannan ya aika aka kawo masa Kaka. Kowa a garin zaman jiran komawa gida yake yi, har wanda ya yi furfura a nan. Kaka takan ce wannan gari ba shi da kakanni, kamfani ne ya haife shi, mu duka baƙi ne a cikinsa.

Ban san kakana ba, ya rasu kafin a haife ni. Abin da ya bari shi ne garka, a bakin gari ta gabas, inda ruwan da ke fitowa daga tafkunan kamfani yake gangarowa ta wata 'yar kwata. Garake shida ne a jere, tamu ce ta ƙarshe. Lokacin sanyi kuwa, ku zo ku ga ikon Allah a tsakiyar hamada: salati, shu wato kabeji, karoti, albasa, tumatir, fangali bayan fangali, ganye shar. Tun daga nesa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ganyen albasa ke tarbar mutum. A kusurwar garkar akwai itacen lemun tsami guda ɗaya. Kakana ne ya kawo shi daga Damagaram yana ɗan tsiro a cikin gwangwanin tumatir, ya riƙe shi a cinya a bayan kamiyo, babbar motar kaya, har Arlit, yana raba ruwan shansa da shi. Kaka ta ba ni wannan labari ya fi sau ɗari, kuma kowane karo sai ta ƙara wa tafiyar kwana ɗaya.

Gajeriya ce Kaka, mai saurin tafiya, mai kaifin baki. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakinta, ban sake komawa ɗakin mahaifiyata ba. Uwar surutu take kirana, ni kuma in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta biyo ni da mafici tana dariya. Sai dai akwai abu ɗaya da ke tsaye mini a rai tun ina ƙarama. Kawuna, babban wan Baba da ke Damagaram, ya gina mata ɗaki a gidansa, kuma duk Sallah sai ya kira ya ce ta dawo gida ta huta. Amsarta ɗaya ce kullum: wa zai ba lemo ruwa? Da ya matsa, sai ta yi masa alkawari a gaban Baba cewa ranar da garka ta ƙare, ranar za ta ɗaure kayanta. Kaka kuwa ba ta yin magana biyu. Ni dai na san cewa muddin garka tana nan, Kaka tana nan.

Wannan garka tamu tana da wata ɗabi'a. Ƙasarta cike take da tarkace. Ka kafa fartanya, sai ka ji ƙwas, ka ɗago tsingaron tukunya mai zane-zane, kamar an danna masa haƙoran mataji tun yana ɗanye. Ruwan sama a Arlit ba ya wuce sau biyu ko uku a shekara, amma duk randa ya sauka, da safe sai ka tarar ƙasa ta fito da sababbi: 'yan duwatsu masu tsini irin kan kibiya, da 'yan ƙananan farare masu huda a tsakiya, da wasu baƙaƙe masu santsi da ake ce wa gatarin aradu. Mu ba mu ɗauke su bakin komai ba. Kaji suna shan ruwa a babban tsingaro. Gatarin aradu ɗaya yana tokare ƙofar ɗakin Kaka don kada iska ta buga ta. Ni ina da gwangwanin madara cike da masu hudar nan, ina shirya su a zare in yi wa 'yar tsanata sarƙa.

Babba a cikinsu shi ne dutsen niƙan Kaka. Shi ma daga garka ya fito, kakana ne ya tono shi. Dogo ne, tsakiyarsa ta lotsa ta yi sumul. A kansa take niƙa barkono da citta da daddawa, ta ce injin niƙa yana kashe wa yaji rai. Abu ɗaya ne ke ba ta haushi: ba a samo shi da ɗansa ba. Ta gwada duwatsun ƙorama sun fi goma, babu wanda ya zauna daidai cikin lotsawar. Kullum tana niƙa tana mita, dutsen hannun yana zamewa yana ƙwarzane mata yatsa.

Wata safiya a farkon sanyi muka je garka muka tarar da turaku masu jan fenti an kafa su a jere, sun ratsa garake shidan nan tun daga ta farko, sun bi ta tsakiyar fangalin albasarmu, na ƙarshe yana gindin lemo. Kaka ta tsaya ta riƙe ƙugu tana bin su da kallo. Da yamma mai unguwa ya tara masu garake ya yi bayani. Za a yi sabuwar kwalta don manyan kamiyoyi su daina ratsa cikin gari. Masu awo sun fitar da hanya biyu: gajeriya ta cikin garake, da mai nisa ta bayan wani fako mai duwatsu. Gajeriyar aka fi so. Amma kafin katafila ta shigo, doka ta ce sai wasu masana daga Yamai sun zo sun duba ƙasar sun rubuta abin da suka gani, kuma abin da suka rubuta yana iya sa a canza. Ranar Litinin mai zuwa za su iso.

Kalma ɗaya Kaka ta kama a duk jawabin nan, ita ce duba. A rayuwarta ta sha ganin masu dubawa. Ta ga duba-gari a Damagaram suna leƙa randuna, ta ga malaman gona, ta ga matar da kamfani ke aikowa ta duba gidajen ma'aikata. Dukansu abu ɗaya suke nema, tsabta. Mai tsabta a yaba masa, ƙazami a ci shi tara. Saboda haka lissafinta bai ɗauki minti biyu ba: in masanan suka tarar da garake tsaf kamar tsakar gidan amarya, kunya ba za ta bar su su ce a rushe ba. In kuwa suka tarar da juji cike da fasassun tukwane, za su ce ai dama bola ce.

Washegari ta kira gayya. Ta dama kunun tsamiya tukunya guda, ta soya ƙosai, ta bi gida-gida ta tattaro masu garake da matansu da 'ya'yansu. Mutum ɗaya ne ya ɗan ja da baya, maƙwabcinmu na garka, wani dattijo Ba'abzine mai baƙin rawani, wanda shayinsa ba ya sauka daga kan gawayi. Ya ce, "Hajiya, duwatsun nan mun tarar da su a nan. Na mutanen da ne. Ka bar su inda suke." Haka yake ce wa kowa ka, mace ko namiji.

Kaka ta ce, "Mutanen da ne za su hana katafila? Kai dai faɗi gaskiya, shara ce ba ka so. Ungo manjagara."

Ya karɓa yana dariya, don ba a yin gardama da Kaka a ci riba.

Kwana uku muka yi muna wannan aiki. Kai, mun yi shara! Manya suna jan manjagara, mata suna bi da tsintsiya, mu yara muna rarrafe tsakanin fangalai muna tsince duk wani tsingaro da ya kai girman farce. Kaka tana bin bayanmu tana dubawa, in ta ga guda ɗaya ta ɗaga shi sama ta ce, "Wannan na wace makauniya ce?" Ana waƙa, ana tsokanar juna, yatsunmu sun daskare da sanyin safe, kunu yana ɗumama mana ciki. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na kwanakin nan ba, don a raina ina ceton Kaka ne da hannuna. Buhu bakwai muka cika. Da aka rasa inda za a zubar, Baba ya ce ai ga ramin ƙofar gidanmu da ruwan wanka ke kwanciya a ciki, shekara nawa yana damunmu. Aka ɗora a amalanken jaki, aka juye a ramin, aka daddaɓe. Kaka ta ce riba biyu ke nan.

Ranar Litinin suka iso cikin farar mota, su huɗu. Mun zaci za mu ga manyan mutane da manyan riguna. Sai ga wata mata doguwa da wandon kaki da takalman sojoji da ɗankwali ta ɗaure shi tam, ita ce shugabarsu, sauran ukun ɗalibanta ne. Bazabarma ce, amma Hausarta ta fita sarai. Malama muka riƙa ce mata. Ta durƙusa ta gaida Kaka har ƙasa, abin da ya sa Kaka ta ƙyafta mini ido, wai an fara da sa'a.

Suka ja igiya, suka jera, suka riƙa tafiya a hankali kansu a sunkuye kamar masu neman allura. Suka kai ƙarshe suka juyo. Suka sake. Kaka tana zaune a gindin lemo a kan tabarmarta, ta sa sabon zane, tana kallonsu tana murmushi. Can suka ɗauko shebur suka haƙa 'yan ramuka masu kusurwa huɗu nan da can bisa awon igiyarsu, suna zuba ƙasar a rariya suna girgizawa. Ba abin da ke saura a rariyar sai takin awaki da saiwar albasa, don fangalan nan an shekara ashirin ana juya su ana tsincewa. Na lura fuskar Malama ba ta nuna jin daɗi. Na ji tana ce wa ɗalibinta wani abu da Faransanci, ni kuwa ina aji huɗu a lakwal, makarantar boko, na tsinci kalma ɗaya da na sani, wadda ke nufin babu komai.

Da rana ta take, ta zo ta tsuguna gaban Kaka ta ce, "Inna, garkarki ta yi kyau ƙwarai. Ban taɓa ganin ƙasa mai tsabta irin wannan ba a duk yankin nan."

Kaka ta gyara zama ta ce, "Haka muke, ɗiyata. Haka muka tashi." Sannan ta ce ba za su bar unguwar ba sai sun ci abincinta.

Muka ɗunguma zuwa gida, Kaka a gaba tana taku ɗai-ɗai. Mun iso ƙofar gida ke nan, Malama ta ɗaga ƙafa za ta tsallaka inda muka cike ramin, sai ta tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama. Sai kawai muka ga ta zube a kan gwiwoyinta a cikin laka, gefen kwatar wanka. Kaka ta yi salati ta ce a kawo ruwa, rana ta bugi baƙuwa. Ina! Malama ta ɗago wani tsingaro, ta goge shi da gefen ɗankwalinta, ta ɗago wani, ta ɗago kan kibiya. Ɗalibanta suka zube su ma. Ga manyan masana huɗu daga Yamai suna rarrafe a kwatar gidanmu, maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko, akuyarmu tana leƙensu ta kan katanga.

Ta ce, "Inna, daga ina waɗannan suka fito?" 

Kaka ta ce wai tarkace ne kawai na yara. Ni kuwa ba a banza ake ce mini uwar surutu ba. Na ce, "Daga garka! Mu muka share, kwana uku, buhu bakwai!" Na faɗa da alfahari, ina jiran a yaba mini. Abin da na samu shi ne mintsini a cinya wanda har yau in na tuna sai na shafa wurin.

Malama ta zauna daɓas a ƙasa, ta dafe kai, ta yi dariya har hawaye suka zubo. Da ta lafa, aka shiga ciki, ta ga kaskon kaji, ta ga abin da ke tokare ƙofa, ta ga sarƙar 'yar tsanata, ta ga dutsen niƙa da jan barkono a kansa. Sannan ta zauna kusa da Kaka ta yi mata bayani a hankali. Su ba tsabta suka zo dubawa ba. Aikinsu shi ne su gano ko mutanen da suka shuɗe sun bar wani abu a ƙasar da hanya za ta bi. In babu, su rubuta babu, katafila ta wuce. In akwai, kuma mai muhimmanci ne, su rubuta a kauce masa. Abin da muka kwashe muka cike rami da shi, shi ne kaɗai abin da zai iya tsayar da katafila.

Kaka ta sunkuyar da kai. Ta dubi hannuwanta. Can ta ce, "To, a kwashe a mayar mana. Amalanke yana nan."

Malama ta girgiza kai. Ta ce abin da aka ɗauke daga makwancinsa ya zama bebe, ba zai iya faɗin inda ya fito ba, ita kuma ba za ta rubuta abin da ba ta gani da idonta a cikin ƙasa ba. Gobe da azahar za su wuce Agadas. In akwai wurin da fartanya ba ta taɓa shiga ba a garkar, za ta gwada da safe. In babu, ba ta da abin yi.

Ni a lokacin na fahimci abin da muka yi. Da hannuna na tsince Kaka daga Arlit, tsingaro ɗaya bayan ɗaya. Na shige bayan randa na yi ta kuka, ba wanda ya kula da ni, don kowa ya yi tagumi, shinkafa tana hucewa a faranti.

Kaka ce ta ɗago kai. Ta ce akwai wuri ɗaya. Ranar da kakana zai dasa lemo, ya fara haƙa ramin ne taku biyu gabas da inda itacen yake yanzu. A nan ya ci karo da dutsen niƙan nan a kife. Ya ɗaga shi ya miƙo mata, ya ƙara sara ɗaya, sai ta ga ya tsaya ya yi bisimilla, ya mayar da ƙasa da hannunsa, ya matsa gefe ya sake wani ramin. Abin da ya ce mata kawai shi ne, nan wurin ki bar shi. Ba ta tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba har ya koma ga Allah. Shi ya sa ta shimfiɗa tabarmarta a wurin, don kada wani ya yi kuskure. Wato duk yinin nan da masana suke ta haƙa ramuka suna tashi hannu wofi, Kaka tana zaune a kan abin da suke nema da sabon zanenta.

Da hantsi washegari duk masu garake suna gindin lemo. Aka naɗe tabarma. Wannan karon ba shebur, da ɗan cokalin magina da buroshin fenti suka riƙa aiki, suna kankare ƙasa kaɗan-kaɗan har mutum ya gaji da kallo. Dattijo Ba'abzine ya kawo gawayinsa yana zuba wa kowa shayi, bai ce wa Kaka ai na faɗa maka ba, amma duk sanda suka haɗa ido sai ya gyara rawaninsa. Da farko bakin tukunya ya bayyana, cikakkiya, ba ta fashe ba. Sai toka. Sai wasu 'yan ƙasusuwa sirara da Malama ta ɗora a tafin hannu ta ce ƙayar kifi ce. Aka kwashe da dariya, kifi a Arlit! Ta ce ƙwarai kuwa, shekaru dubbai da suka wuce nan wurin bakin ruwa ne, da ciyawa da shanu.

Daga nan dariya ta tsaya, don buroshi ya fito da ƙashin mutum. Tana kwance a gefenta, ta naɗe ƙafafu kamar mai jin sanyi, irin 'yan fararen duwatsun gwangwanina sun zagaye mata wuya. Malama ta duba ƙugun ta ce mace ce, kuma ta manyanta. Maza suka ja da baya suna salati. Kaka ta cire mayafinta ta miƙa, ta ce a rufa mata, ba a barin mace a buɗe gaban maza. Malama ba ta yi musu ba, ta rufe ta har kafaɗa ta ci gaba da aiki ta wajen hannuwa. A kusa da hannun dama akwai wani dutse mai tsawon tafin hannu, gefensa ɗaya ya sha niƙa ya yi sumul.

Kaka ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce da Baba ya je gida ya ɗauko dutsen niƙanta. Da aka kawo, Malama ta gama aune-aunenta da hotunanta, ta ɗauki ɗan dutsen ta miƙa wa Kaka. Kaka ta durƙusa ta ɗora shi cikin lotsawar, ta tura gaba ta jawo baya. Ya zauna daram, ba zamewa, ba ƙwarzane. Ta sake turawa sau biyu.

Ta ce, "Allahu akbar. Ashe aro nake yi shekara da shekaru, mai abu tana kwance ƙarƙashin tabarmata."

Malama ta cika shafuka da rubutu, ta ɗebi ƙayar kifi da toka da haƙori ɗaya a 'yan ledoji. Ta ce sauran za a mayar da ƙasa a rufe yadda aka tarar, don in hanya ta kauce, ba inda ya fi nan aminci. Ta ce dutsen niƙan kuwa na Kaka ne, ta riƙe abinta. Kaka ta ce a'a, a gidansu ba a riƙe kayan aro bayan an ga mai shi. Ta wanke shi tas da ruwan kwata, ta goge jan barkonon, ta sa aka kwantar da shi kusa da matar tare da ɗansa. Sannan ta kwance bakin zanenta ta zuba gero tafi ɗaya a cikin lotsawar, ta tsinko lemo biyu ta ɗora.

Baba ya matso ya ce a hankali, "Inna, wannan fa ba ya cikin addini."

Ta ce, "Kai, tafi can. Bauta ka ga ina yi? Tun da na haife ka, ka taɓa ganin na mai da kwanon maƙwabta wofi?"

Malama ta ce duk wanda ya sake tona wurin nan bayanmu zai sha ruɗewa da geron nan, ta buɗe littafinta ta rubuta shi don kada a zarge ta.

Wata biyu muka yi muna jira. Kawu ya kira sau uku yana tambayar ranar da zai aiko mota. Kaka ta daina mita, abin da ya fi komai ba ni tsoro, har na ga ta fara jera kwanoninta cikin buhu. Ranar wata Alhamis ina dawowa daga lakwal na bi ta garka, sai na ga wasu mutane biyu suna tumɓuke jajayen turakun suna jefawa a bayan mota. Na yar da allona na sheƙa gida a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Kaka tana tankaɗe. Na faɗa mata ina haki. Ba ta ɗago ba, ta ce, "To, uwar surutu, yau dai bakinki ya kawo abin kirki. Fito mini da kwanonin nan daga buhu." Sai da na juya na ji tana jan hanci, ta ce wai garin barkono ne.

Hanya ta bi ta bayan fako. In kun taɓa fita Arlit ta gabas kun san wannan doguwar kwana da direbobi ke tsaki a kanta, masu zuwa haƙar zinariya Cibarakaten har cewa suke wanda ya zana ta barci yake ji. Ni in na ji sai in gyara zama.

Kaka ta ƙara shekara goma sha ɗaya a Arlit. Miyarta ba ta sake yin daɗin da ba tun da ta koma kai yaji inji, kuma duk wanda ya kuskura ya faɗa sai ta ce ya je ya karɓo mata aro. Ba ta sake cewa garin nan ba shi da kakanni ba. Kowace safiya in ta buɗe ƙyauren garka, kafin ta taɓa ruwa, sai ta juya wajen lemo ta ce, "Salamu alaikum, maƙwabciya, mun tashi lafiya?" Da ciwon ajali ya kama ta, Kawu ya zo da kansa da mota. Ta riƙe hannunsa ta ce ya yi haƙuri, ita ta riga ta yi maƙwabta a nan, a nan za a sa ta. A maƙabartar Arlit take.

Yanzu garin ya canza. Ramin haƙar uraniyom ɗaya ya rufe, gidaje da yawa a unguwarmu an sa musu kwaɗo, masu su sun koma inda suka fito, ruwan kwata ma ya ragu har garake biyu sun bushe. Tamu tana hannuna, na rage fangalai, amma lemo yana nan yana 'ya'ya. In ruwan sama ya fito da tsingaro, ɗiyata ta kawo mini da gudu, nakan sa ta mayar da shi daidai inda ta ɗauka. Ita ma tana yi mini kallon da na riƙa yi wa Kaka, don ta lura da wani abu da nake yi ban ma san na fara ba. Ran nan ta tambaye ni me ya sa in na buɗe ƙyauren garka nake yin sallama sau biyu, alhali ba kowa a ciki. Na ce mata ɗaya ta maƙwabciya ce. Ɗayar ban iya faɗa mata ba, sai na miƙa mata tsintsiya.